Na shiga cocin da ke rataye a tsohuwar Alƙahira, ku zo mu tattauna

Maman Haidar:
Salamu alaikum mutanen gida. Kwana biyu kun ji ni ɗif, muna Masar ne na kawo Inna aikin gwiwa, alhamdulillah an yi lafiya har ta fara takawa da sanda. Jiya babu zuwa asibiti sai ƙanwata ta zauna da ita, yaron maƙocinmu da ke karatu a Azhar ya zo gaisuwa ya ce Anti tunda kika zo daga masauki sai asibiti sai kantin magani, yau dai sai kin ga gari. Na ɗauka wajen dalar Fir'auna zai kai ni ashe ba can ba, jirgin metiro muka hau muka sauka a wata tasha Mar Girgis, unguwar da suke kira Misrul Ƙadima.

Kana fitowa daga tashar abin da za ka fara gani wata ƙatuwar hasumiya ce zagayayya ta Rumawa, layin farin dutse layin jan bulo, kuma gindinta can ƙasa yake sai ka leƙa kamar mai leƙa rijiya saboda gari ya yi ta tashi a kanta shekara da shekaru. 'Yan sanda na bakin hanya suna duba jaka. Daga nan sai lungu, wlh kamar cikin birnin Kano ta wajen Kurmi, ka gangara matakala ka shiga wani siririn lungu da mutum biyu da ƙyar za su gifta, hagu da dama masu sayar da littattafai da tsofaffin hotuna, ga ƙamshin lubban ko'ina.

To a nan ne muka shiga cocin da suke ce wa Mu'allaƙa, wato ratayayya. Matakala 29 ake hawa, na ƙirga da kaina don ina tunanin da Inna na kawo da a ƙasa za mu bar ta. A kan tsohuwar ƙofar ganuwar Rumawa aka gina shi, an shimfiɗa itacen dabino kamar yadda muke azara aka ɗora gini a kai, akwai wani waje da suka sa gilashi a ƙasa kana tsaye kana hango ramin da ke ƙarƙashinka, ni dai ja da baya na yi. Rufin katako ne a kife kamar cikin kwale-kwale, wai jirgin Annabi Nuhu (AS) suka kwaikwaya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne katangar katako da ta raba wajen limamansu da wajen jama'a, baƙin katako an dasa masa hauren giwa ƙanana-ƙanana, zanen taurari irin wanda ake gani a mumbarin tsofaffin masallatai sak, ba don gicciyen da ke tsakiya ba sai ka rantse a masallaci kake. Wata tsohuwa da ɗankwalinta tana tsaye gaban wani zane tana kuka tana ya Rabb ya Rabb, ni sai jikina ya yi sanyi.

Hotuna na nan tafe in netwok ya yarda.

Uwar Biyu:
Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Amma Maman Haidar coci fa?? Ke da ko bikin maƙota sai an ja ki hhh

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Amma 'yar uwa gaskiya ɗaya ce, ban ga abin da ya kai ki ba. Garin da ke cike da masallatai, ga Azhar ga masallacin Ibn Ɗulun ga na Sultan Hasan, duk ba su ishe ki ba sai wajen da ake shirka da hotuna? Mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto, wannan kowa ya sani. Sayyidina Umar (RA) da kansa ya ce ba ma shiga coci-cocinku saboda siffofin da ke ciki, Bukhari ya kawo. Shi kuma yaron da ya kai ki, ɗalibin ilimi ne fa, ya ji tsoron Allah.

Ɗan Bu'us:
To ni ne yaron, ga ni. Malam Abu Sumayya Allah ya saka da nasiha, amma a babin da ka ɗauko maganar Umar ɗin, layin da ke biye da ita cewa ya yi Ibn Abbas yana sallah a coci in dai babu siffofi a ciki. Ka ga ashe maganar ba a kan ginin take ba. Kuma mu ba sallah muka je yi ba, minti ashirin muka yi muka fito, azahar ɗinmu a masallacin Amr ɗan As muka yi ta, tafiyar ƙafa ce da ba ta fi minti goma ba daga wajen.

Abu Sumayya:
Ai ka kashe kanka da kanka. In babu siffofi ka ce. Ita kuma ta ce ta ga tsohuwa tana kuka gaban zane. To?

Ɗan Bu'us:
Wancan sharaɗin na sallah ne Malam

Malam na Tudun Wada:
Ku dakata samari, kada a mai da saɓanin malamai faɗan tasha. Mas'alar tsohuwa ce. Mu da muka taso da Risala mun haddace wuraren da aka hana sallah a ciki, har da maƙabartar mushirikai da coci-cocinsu, to wannan sallah ke nan. Shiga don gani kuwa malamai sun rabu, akwai masu karhantawa, akwai waɗanda suka hana in da hotuna, Hanbalawa da yawa sun halatta. Masu halattawa sukan kawo cewa Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Manzon Allah (SAW) labarin wani coci da suka gani a Habasha da hotunan da ke ciki, ya yi tir da masu gina wurin ibada a kan kabari suna zana hotuna, amma ba a ruwaito ya tsawatar musu don sun gani ba. Masu hanawa su ma da hujjarsu, ita ce wadda Abu Sumayya ya kawo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a waje, wanda ya shiga kada ya je lokacin ibadarsu, kada ya shafa komai don neman tabarruki. Hajiya ba ki shafa komai ba dai ko?

Maman Haidar:
Allah gafarta Malam ko bango ban jingina ba, jakata na rungume kamar za a ƙwace

Sarkin Zolaya:
Jakar da kuɗin asibiti ya riga ya yashe, wa zai ƙwata

Maman Haidar:
Kai dai bari ɗan nan, ai dala ta gama da mu

Tsohon Ticha:
Ni abin da ya ba ni sha'awa ba a taɓo shi ba tukuna. Hajiya kin san ƙasar da kika taka jiya kuwa? Wannan hasumiyar da kika leƙa ragowar sansanin Babila ne, ba Babila ta Iraƙi ba, ta Masar. A gindinta rundunar Amr ɗan As ta yi zaman dirshan wata bakwai tun daga 640 har sansanin ya faɗi a 641, a halifancin Umar. A lokacin kogin Nilu ta gefen ganuwar yake wucewa, jiragen ruwa har bakin ƙofa suke zuwa, daga baya ne kogin ya janye yamma. Ƙofar da aka ɗora cocin a kai tana cikin ƙofofin sansanin nan. Da Amr ya ci garin bai zauna a cikin ganuwar ba, ya kafa sabon gari a gefenta wato Fusɗaɗ, ya gina masallacin da kuka yi azahar, shi ne masallacin farko a Masar. Masu tarihi suna ba da labarin wai da zai tafi Iskandariya aka zo naɗe tantinsa sai aka tarar kurciya ta yi ƙwai a kai, ya ce a bar mata, da ya dawo aka kafa gari a wajen, fusɗaɗ ɗin ma ma'anarsa tanti.

Yanzu ku lissafa. Alƙahirar da muka sani sai 969 Faɗimiyawa suka kafa ta, Azhar ya biyo baya. Wato unguwar nan ta girmi Alƙahira kanta da ɗaruruwan shekaru. Sahabbai sun zauna nan, Imamu Shafi'i ya karantar a masallacin Amr har ya rasu a 820, kuma duk tsawon nan Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, na cikin ganuwar da coci-cocinsu, jifa ɗaya tsakani. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, fatawa ta Malam ce, amma tambayata ga Abu Sumayya: mutanen da suka ci garin da takobi, da sun so rushewa wa zai hana su?

Abu Sumayya:
Baba Ticha da girmanka, barin su daban, zuwa yawon buɗe ido a ciki daban. An bar su ne da alƙawarin zimma suna biyan jiziya. Ban ce a rushe komai ba, kada a sa min magana a baki.

Tsohon Ticha:
Na karɓa, ba ka faɗa ba. Kuma don kada a ce na shafa wa tarihi mai, ba kullum aka kwana lafiya ba. Halifa Hakim na Faɗimiyawa ya rushe coci-coci da yawa wajen 1009 har da babban na Ƙudus, zamanin Mamluk ma an sha tarzoma an rufe wasu an ƙona wasu. Sannan a 1168 waziri Shawar ya sa aka cinna wa Fusɗaɗ wuta don kada 'yan Salibiyya, mayaƙan Kiristocin Turai, su kama ta, masanin tarihi Maƙrizi ya ce kwana 54 tana ci. Shi ya sa in ka fito daga lungunan nan za ka ga fili fetal da tarkacen tukwane, wannan filin da can birni ne guda. Abin da ke cikin ganuwar ne ya tsira.

Ɗan Wusasa:
Sannunku. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, yau dai sai na yi magana tunda ni Kirista ne kuma na je wajen shekaru kaɗan da suka wuce. Maman Haidar sannu da jinya, Ubangiji ya ƙara sauƙi. Abin da zai ba ku dariya, ni da na shiga na fi ki zama baƙo. Na saba da cocinmu da ganga da jita da kwaya, sai na tarar maza gefe mata gefe, mata sun rufe kai, ana tuɓe takalmi kafin a kusanci wajen bagadi, firist da gemu har ƙirji da baƙin rawani yana rera addu'a da wata murya kamar mai ja baƙi, rabi da Larabci rabi da harshen Kibɗanci, wanda shi ne ragowar harshen Masar na zamanin Fir'auna. Ba piyano ba komai sai wasu 'yan kuge guda biyu. Suna da addu'a sau bakwai a rana, azuminsu in ka haɗa ya haura kwana 200 a shekara ba nama ba madara ba ƙwai, Kirsimetinsu 7 ga Janairu. Na ce a raina wannan in aka kawo shi gida wasu 'yan uwana cewa za su yi ya musulunta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mu kullum ana ce mana addininmu Bature ne ya kawo, a wajenmu kam gaskiya ne mishan ne suka zo da shi. Amma ga mutane a Afirka da suke cewa Markus mai bishara ne ya kafa musu coci a Iskandariya tun ƙarni na farko, tun Ingila ba ta san ana yi ba.

Uwar Biyu:
Ikon Allah. To su ma Allah suke cewa?

Ɗan Bu'us:
Allah suke cewa, insha Allah, alhamdulillah, duka. Mai shagon da nake sayen burodi shekara biyu ban san Kirista ba ne sai ranar da ya miƙo min canji na ga ɗan gicciye da aka yi masa zane a wuyan hannu, yawancinsu suna da shi tun suna yara.

Ɗan Wusasa:
Maman Haidar kin lura da mumbarin marmara da ke tsakiya a kan wasu siraran ginshiƙai? Na ƙarni na 11 ne. Ginshiƙan wai almajiran Almasihu ne, ɗaya baƙi ne shi ne Yahuza wanda ya ci amana, ɗaya toka-toka shi ne Toma mai shakka.

Maman Haidar:
Na gan shi! Na ɗauka ma gyara aka yi aka rasa farin dutse aka sa baƙi, irin aikin birkilolinmu

Sarkin Zolaya:
Shekara dubu ana nuna mutum da yatsa, Allah ya raba mu da cin amana. A garinmu da tuni an ba shi sarauta

Tsohon Ticha:
Ƙarni na 11 ɗin nan ba banza ba. Lokacin ne babban limamin Kibɗawa ya baro Iskandariya ya dawo kusa da fadar masu mulki, Mu'allaƙa ta zama mazauninsa na tsawon ƙarnoni. Kafin nan wani babban limaminsu Abraham, wanda ya yi daga 975 zuwa 978, ya sabunta ginin a zamanin Halifa Mu'izz. Kibɗawa suna da labari a kansa, wai halifan ya ƙure shi da ayar Linjila da ta ce mai bangaskiya ko kamar ƙwayar mastad zai iya kawar da dutse, ya ce to a kawar da dutsen Muƙaɗɗam, ya yi azumin kwana uku a cikin cocin nan aka nuna masa wani majemi mai ido ɗaya Sam'an, aka yi addu'a dutse ya motsa. Labarinsu ne, su suke riƙe da shi, har yau akwai ƙaton coci da aka sassaƙa a jikin dutsen da sunan majemin, a unguwar masu kwasar shara. Fuskar waje mai hasumiya biyu da Hajiya za ta turo mana hotonta kuwa sabuwa ce, ta ƙarni na 19, tsufan yana ciki.

Abu Sumayya:
Kun gani ko. Daga ganin gini an koma ba da labarin karamomin Kiristoci a cikin jama'a. Abin da nake gudu ke nan.

Malam na Tudun Wada:
Abu Sumayya, Ticha ya ce labarinsu ne, bai ce ka yi imani da shi ba. Littattafan tafsirinmu cike suke da labaran Banu Isra'ila ana kawowa ana wucewa. Ni kuma tunda ana maganar Kibɗawa bari in tuna mana hadisin da ke cikin Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce za ku buɗe Masar, ku kyautata wa mutanenta don suna da alƙawari da zumunta. Malamai suka ce zumuntar ta Hajara ce mahaifiyar Annabi Isma'il, a wata ruwayar da surukuta, wato Mariyatul Ƙibɗiyya mahaifiyar Ibrahim. Sunan da muke sa wa 'ya'yanmu Mariya, daga mutanen nan ta fito.

Abu Sumayya:
Wannan haka yake Malam. Ni dai ba zan shiga ba, kuma ba zan kai iyalina ba.

Malam na Tudun Wada:
Ba wanda zai ce ka yi laifi.

Maman Haidar:
Ni fa ban gama ba ku labari ba aka hau ni da fatawa. Bayan nan mun gangara wani cocin, Abu Sirga, shi a ƙasa yake saɓanin na farko, akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashinsa da suka ce nan Nana Maryam ta ɓuya da Annabi Isa (AS) yana jariri lokacin da suka gudo daga sarki Hirudus, ga wata rijiya an rufe da gilashi. Cunkoso kamar ana rabon shinkafa, Habashawa da fararen mayafai, Turawa, 'yan Koriya, ban daɗe ba na fito don numfashina ya fara sama-sama. A bayansa kuma wajen ibadar Yahudawa ne, Ben Ezra, ba mai ibada a ciki yanzu sai masu kallo. Wato a cikin tafiyar da ba ta kai daga ƙofar Mata zuwa Kurmi ba na wuce coci na wuce na Yahudawa na ƙare a sahun mata a masallacin sahabi.

Tsohon Ticha:
A Ben Ezra ɗin nan akwai wani ɗaki da suka yi ta zuba duk takardar da ke da sunan Allah don ba sa yarda a yar, kamar yadda muke yi da tsohon allo da warƙar Ƙur'ani. Shekaru ɗaruruwa suna zubawa, har da wasiƙun 'yan kasuwa da takardun aure da rasit. A 1896 zuwa 1897 wani malami Solomon Schechter ya kwashe mafi yawa zuwa Kambirij a Ingila, gutsattsari sama da 190,000. Yau mai son sanin farashin kaya a Fusɗaɗ shekara 900 da suka wuce can zai je.

Yerwa Kyau:
Tun ɗazu nake jira wani ya faɗa ba wanda ya faɗa, to mu ma muna da gado a unguwar. Maƙrizi ya rubuta cewa alhazan Kanem da suka biyo ta Masar a shekarun 640 na Hijira, wajen 1240 da wani abu ke nan, sun ba wani alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, suna aiko mata da kuɗi kusan duk shekara, mutanenmu suna sauka a nan. Zamanin Mai Dunama Dabalemi ne. Kafin Mansa Musa ya zo da zinarensa a 1324 mu mun riga mun yi makaranta a garin. Don haka Ɗan Bu'us ba kai ne farau ba, kakannina ne suka share maka hanya, a dinga gaishe mu.

Sarkin Zolaya:
Shi ke nan Babarbare ya samu abin faɗa, yau ba mai barci

Ɗan Bu'us:
Hhh ai har a Azhar akwai ruwaƙin Barnawa, wato ɓangaren ɗaliban Barno, tun da can, wannan ba a musu. Allah ya ja zamanin Shehu

'Yar Damagaram:
Ni wata mai zuwa za mu kawo maigida ganin likitan ido in Allah ya yarda. Ana biyan kuɗin shiga ne? Kuma mace ita kaɗai za ta iya zuwa?

Ɗan Bu'us:
Hajiya coci-cocin da masallacin duk kyauta ne, gidan tarihin Kibɗawa da ke gefe ne ake yankar tikiti kuma na baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, in kina son tsofaffin saƙa da littattafan hannu ya cancanta. Ki hau metiro layi na ɗaya mai zuwa Helwan ki sauka Mar Girgis, akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgin. Ki je da safe don da la'asar suke rufewa, ki guji Juma'a da Lahadi da safe lokacin ibadarsu ne. Ki riƙe fasfo ko kwafinsa saboda 'yan sanda. Kuma duk wanda ya tare ki a hanya da fara'a ya ce zai yi miki bayani ki ce la shukran ki wuce, in ba haka ba a ƙarshe sai ya miƙo hannu.

Maman Haidar:
Ki kuma yi ciniki da mai tasi kafin ki shiga. Da za mu dawo na ce ƙafata ta gaji ba zan iya metiro ba, wani ya ɗauke mu yana ta Nijeriya ahsan nas yana kiran sunayen 'yan ƙwallo, da muka iso ya ce wai kuɗin da ya faɗa na mutum ɗaya ne. Ba don yaron nan ya buɗe masa Larabci ba da ya wanke ni tas.

Uwar Biyu:
To Inna me ta ce da kika ba ta labari?

Maman Haidar:
Ta yi shiru tana jan carbi har na gama, na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta ce yanzu ke duk yawon nan da kika yi ba ki samo min lubban ɗin ba? Gobe in an fito daga gashin ƙafa sai na koma. Ɗan Bu'us ka shirya.

Ɗan Bu'us:
Anti gobe ina da jarabawar nahawu wlh

Maman Haidar:
Jibi to. Uwar Biyu in kina so ki turo kuɗinki yau, ban ɗaukar sautu bashi.